Tara fayiloli masu yawa a sabar: tambayoyi da amsoshi

Duk mai kula da sabar, wato kwamfutar da shafin intanet ke zaune a kanta, da ake loda wa hotuna, takardu ko saƙonnin imel, wata rana sai ya ci karo da tambayoyin da ke ƙasa. Yawancin amsoshin sun karkata ga Linux, domin a kansa mafi yawan shafukan intanet ke zaune, amma an taɓo Windows a inda ya dace.

Fayiloli nawa folda ɗaya za ta iya ɗauka?

Ya danganta da tsarin fayil ɗin da aka shimfiɗa a kan faifan, wato ƙa'idar da kwamfuta ke bi wajen jera fayiloli a kansa. FAT32, wanda har yanzu ake samu a filas da katin memori, ba ya wuce shigarwa 65,536, wato wuraren rubuta suna, a folda ɗaya, kuma dogon suna yana cinye shigarwa fiye da ɗaya, don haka foldar kan cika tun kafin a kai wannan adadi. Haka nan ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabayit 4. NTFS na Windows yana ɗaukar fayiloli sama da biliyan 4 a ɓangaren faifai ɗaya. A Linux, tsohon ext3 yana tsayawa a ƙananan foldoji kusan 32,000 a cikin uwar folda ɗaya. Shi kuwa ext4, da aka amince da ƙarkonsa a ƙarshen 2008, ya ɗage wannan shinge, kuma foldarsa na iya riƙe fayiloli kimanin miliyan 10 kafin fihirisar sunaye ta cika. Tun 2017 akwai zaɓin `large_dir` da ke ƙara faɗaɗa ta. XFS da ZFS kuwa iyakarsu ta yi nisan da ba wanda zai kai.

Sai dai waɗannan alƙaluma ba su ne ke kayar da sabar ba. Da wuya ka ga wanda ya ci karo da iyakar da aka rubuta a takarda. Abin da ake gani shi ne sabar da ta fara jan ƙafa tun tana da fayiloli dubu ɗari biyu a folda ɗaya, ko kwafin ajiyar dare da ke kaiwa azahar bai gama ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce: wane aiki ne a sabar tawa sai ya bi fayilolin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma tsawon wane lokaci yake ɗauka?

Faifaina bai kai rabi ba, amma ana ce min “No space left on device”. Me ke faruwa?

Mafi yawan lokuta inod ne suka ƙare maka. Kowane fayil a Linux yana da abu biyu: abin da ke cikinsa, da kuma ɗan rikodin da ke ɗauke da mai shi, izinin taɓa shi, girmansa, lokacin da aka sauya shi, da wurin da yake kwance a faifai. Wannan rikodin shi ne inod. Kamar katin asibiti yake: ko da gadaje na nan a buɗe, idan katunan da aka buga sun ƙare, ba za a karɓi sabon majiyyaci ba.

A ext4 ana yanke adadin inod ne ranar da aka shimfiɗa tsarin a faifai. A bisa al'ada ana ware inod ɗaya ga kowane bayit 16,384. Ke nan sabar haya mai gigabayit 20 tana da inod kimanin miliyan 1.3. Idan fayilolinka ƙanana ne, kowanne bai wuce kilobayit 4 ba, za ka cinye inod ɗin gaba ɗaya alhali abin da ka cika a faifan bai wuce gigabayit 5 ba. Umarnin `df -h` zai nuna maka fili fetal, amma `df -i` zai nuna kashi 100.

Don gano ɓarawon, gwada `du --inodes -x / | sort -n | tail`. Waɗanda aka fi kamawa sanannu ne: fayilolin zaman masu shiga shafi, waɗanda shafi ke tuna mai ziyara da su, da manhajar PHP ke ajiyewa ba a share su, ma'ajiyar wucin-gadi ta shafin, layin imel da suka maƙale ba su fita ba, da akwatunan saƙo masu tsarin Maildir, inda kowane imel fayil ne mai zaman kansa.

Zan iya ƙara inod ba tare da na goge faifan ba?

A ext4 ba za ka iya sauya rabon da aka yi tun farko ba. Idan ka faɗaɗa faifan da `resize2fs`, inod na ƙaruwa daidai da sabon filin, kuma wannan kan isa a wuce wurin na ɗan lokaci. Gyara na dindindin shi ne a kwashe kaya, a sake shimfiɗa tsarin da `mkfs.ext4 -i 4096`, wanda ke ba da inod ninki huɗu. Farashinsa shi ne kusan kashi 6 cikin 100 na faifan zai tafi ga inod, tunda kowanne bayit 256 ne. XFS, Btrfs da ZFS suna ƙirƙirar inod ne a lokacin da ake buƙata, saboda haka wannan ciwon kai bai cika samun su ba.

Shafina yana buɗe hotuna da sauri, amma da na buga `ls` a foldar sai komai ya tsaya. Ta yaya?

Domin ayyuka biyu ne mabambanta. Neman fayil ɗin da ka san sunansa abu ne mai sauƙi: ext4 yana riƙe da fihirisa da ke kai shi ga sunan cikin taki biyu ko uku, ko da foldar na ɗauke da miliyoyi. XFS da NTFS ma suna da irin tasu. Shi ya sa mai ziyarar shafinka ba ya jin komai.

Jero duk abin da ke ciki kuwa wani labari ne. Umarnin `ls` yana karanta sunayen baki ɗaya, ya tara su a RAM, ya jera su bisa harufa, sannan ya fara nuna maka layin farko. Idan kuma aka ce ya nuna launi ko girma, sai ya je ya buɗe inod ɗin kowane fayil. Abin da ya ƙara dagula lamarin a ext4 shi ne sunayen na fitowa ne bisa tsarin fihirisa, ba bisa yadda inod ke jere a faifai ba, sai allurar faifan ta riƙa tsalle daga nan zuwa can. Faifai mai juyawa 7,200 a minti ba ya wuce irin wannan tsalle kimanin 100 a daƙiƙa. Yi lissafi: fayil miliyan ɗaya, daƙiƙa 10,000, kusan awa uku, don kawai a ga jerin sunaye da girmansu. Ba kullum ake kaiwa haka ba, domin inod da yawa na zuwa tare a karatu ɗaya kuma wasu na nan a RAM, amma wannan ne yanayin ciwon.

Idan ganin sunaye kawai kake so, `ls -f` ba ya jerawa, nan take zai fara zubo su. Ka tuna kuma ba kai kaɗai ke jero folda ba. Manhajar tura fayiloli ta FTP, mai duba fayiloli na cPanel (shafin sarrafa sabar haya), na'urar farautar ƙwayar cuta da shirin kwafin ajiya duk haka suke yi, wasunsu kowane dare.

Na so in share su da `rm *`, aka ce “Argument list too long”.

Tauraron nan ba `rm` ke fassara shi ba. Shirin da ke karɓar umarninka ne, wato shell, ke mayar da shi jerin sunayen duka, ya miƙa su a layi ɗaya, kuma Linux na da iyakar tsawon wannan layi, galibi kimanin megabayit 2. Yi amfani da `find . -type f -delete`, wanda ke bin su ɗaya-ɗaya. Kafin ka saka `-delete`, fara gudanar da shi haka nan ka ga abin da zai kama, domin abin da ya share ba ya dawowa. Idan sabar na aiki mutane na shiga, sa `ionice -c3` a gaba don kada sharar ta danne su.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki bayan an gama. A ext4 folda ba ta ƙanƙancewa. Wadda ta taɓa ɗaukar sunaye miliyan biyar za ta ci gaba da zama ƙatuwa ko da saura goma a ciki, kuma jero ta zai ci gaba da nauyi. Mafita ita ce ka buɗe sabuwar folda, ka mayar da abin da ya rage can, ka goge tsohuwar, ka ba sabuwar sunanta.

To yaya zan raba fayilolin a foldoji?

Hanyar da ta daɗe tana aiki ita ce a lissafo wa kowane fayil lambar hash, wato jerin haruffa da lambobi da ake samarwa ta lissafi, daga sunansa ko abin da ke cikinsa, a ɗauki haruffan farko a mayar da su sunan folda. Git, shirin da masu rubuta manhaja ke adana aikinsu da shi, haka yake yi: haruffa biyu na farko, foldoji 256. MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke kanta, tana ɗaukar hash ɗin MD5 na sunan hoto ta yi hawa biyu, shi ya sa kake ganin irin `/a/ab/` a adireshin hotunansu. Squid, shirin ajiye kwafin shafukan intanet na wucin-gadi, ya zo da foldoji 16, kowacce da 256 a ƙarƙashinta.

Misali, idan hash ɗin hoto ya fara da `7f3c`, sai a ajiye shi a `7f/3c/`. Hawa biyu irin wannan na ba da foldoji 65,536. Fayil miliyan 10 za su watsu kusan 150 a kowacce, kuma rabon zai yi daidai da kansa ba tare da wani ya sa ido ba. Idan duk abin da kake hange bai wuce miliyan ɗaya ba, hawa ɗaya ya wadatar, kusan 4,000 a kowace folda. Kada ka zarce zuwa hawa huɗu ko biyar don neman kariya. Kowace folda ita ma tana cin inod da gurbinta na kilobayit 4, wato mafi ƙanƙantar filin da ake warewa a faifai, kuma kowane hawa ƙarin taki ne kafin a kai ga fayil. Foldoji miliyoyi masu fayil ɗai-ɗai sun fi babbar folda ɗaya muni.

Rabo bisa kwanan wata, wato shekara, wata, rana, yana da nasa alheri, kuma ina ganin ana raina shi fiye da kima. Ba ya raba kaya daidai, ranar da aka buɗe rajistar ɗalibai za ta ninka sauran sau ɗari. Amma yana ba ka abin da hash ba ya bayarwa: foldar bara ta rufe, ba mai taɓa ta, don haka ba sai an sake bin ta kowane dare ba, kuma ranar da za a share tsofaffi, folda guda za a ɗauke. Ga rasit, rahoton aiki da hotunan kyamarar tsaro, shi zan zaɓa. Wanda ba na ba da shawara shi ne rabo bisa harafin farko na sunan mutum. A jerin sunayen Hausawa, foldar A da ta M za su cika maƙil da Abubakar, Aisha, Muhammad da Maryam, ta Q da ta X kuwa ba kowa.

Me ya sa kwafe gigabayit 50 na ƙananan fayiloli ya fi kwafe fayil ɗaya mai gigabayit 50 daɗewa nesa ba kusa ba?

Domin kowane fayil yana da kuɗin shiga da ba ruwansa da girmansa. Sai an nemo sunansa, an karanta inod, an buɗe, an karanta, an rufe. A ɗaya gefen kuma sai an ware sabon inod, an rubuta suna a folda, an saita izini da lokaci, an shigar da duk wannan a kundin da tsarin ke kare kansa da shi daga ɗaukewar wuta. Babban fayil sau ɗaya yake biyan wannan, sauran aikin kwarara ce kawai. Ƙananan fayiloli miliyan biyar sau miliyan biyar za su biya. Idan ta hanyar sadarwa ake yi, da NFS ko SFTP, kowane taki na jiran amsa daga can, kuma sabar da ke Turai ko Amurka tana ƙara jinkiri a kan kowace tambaya.

A nan ne haɗarin gaske yake. Shirin `rsync` sai ya duba girma da lokacin kowane fayil kafin ya san wanda ya sauya, ko da guda goma ne kacal suka sauya a ranar. Mayar da kaya bayan faifai ya mutu ya fi haka nauyi, tunda rubutu ne ba karatu ba. Mutane da yawa suna da kwafin ajiya lafiyayye, amma ba su taɓa auna kwana nawa zai ɗauka kafin ya koma wurinsa ba, sai ranar da shafin ke ƙasa abokan hulɗa na ta kira. Abin da ke taimakawa shi ne ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya a matakin gurbi, kamar yadda ZFS, Btrfs da LVM ke yi, ko dunƙule tsofaffin foldoji da `tar` su zama fayil ɗaya kafin a tura su.

Ga kuma asarar fili. Gurbin ext4 da NTFS galibi kilobayit 4 ne, don haka fayil mai bayit 500 ma gurbi guda yake cinyewa. NTFS na rage wannan ta hanyar cusa ƙananan fayiloli sosai a cikin rikodinsu na babban jadawalin MFT, kuma ext4 na da makamancin haka mai suna `inline_data`, sai dai sai an kunna shi.

Idan na koma SSD, matsalar ta ƙare?

Rabinta ta ƙare. SSD ba ta da allura, tana yin dubun-dubatar ƙananan karatu a daƙiƙa, don haka aikin awa uku kan dawo na mintuna. Amma ba ta ƙara maka inod ko ɗaya, ba ta tsawaita layin umarni, ba ta rage jinkirin hanyar sadarwa. RAM ma tana da rawar da ba a cika lura da ita ba: Linux na riƙe sunaye da inod ɗin da aka taɓa kwanan nan a cikinta, shi ya sa `find` na biyu ke gudu kamar walƙiya. Idan fayilolin sun fi ƙarfin RAM, bin su na dare ɗaya zai kori abin da shafin ke buƙata, da safe a tarar da shi ya yi sanyi.

Ba gara in zuba su a rumbun bayanai ba?

Ga ƙananan abubuwa, sau da yawa gara hakan. Wani bincike da aka yi a sashen bincike na Microsoft a 2006 ya nuna cewa abin da bai kai kilobayit 256 ba ya fi sauri a rumbun bayanai, wanda ya haura megabayit ɗaya kuma ya fi dacewa da tsarin fayil. Masu SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai da ke zaune a fayil guda, su ma sun auna sun ce karanta ƙananan hotuna masu kimanin kilobayit 10 daga fayil ɗinsu guda ya fi karanta su ɗai-ɗai sauri da kusan kashi 35 cikin 100. Bayanin zaman mai shiga shafi kuwa tun farko bai kamata ya zama fayil ba, Redis, ma'ajiyar da ke riƙe bayanai a RAM, ko rumbun bayanai ne wurinsa. Manyan hotuna da bidiyo su zauna a faifai, rumbun ya riƙe suna da hanyar zuwa gare su, ta yadda manhajarka ba za ta taɓa buƙatar jero folda don sanin abin da take da shi ba.

Manyan kamfanoni fa, yaya suke yi?

A 2010 injiniyoyin Facebook sun bayyana cewa suna riƙe da hotuna sama da biliyan 260. A tsohon tsarinsu mai dubban fayiloli a kowace folda, karanta hoto ɗaya kan jawo taɓa faifai fiye da sau goma, kuma ko da suka rage zuwa ɗaruruwa a folda, sai an taɓa sau uku. Sai suka gina Haystack: ana jera hotuna bi da bi a cikin manya-manyan fayiloli, a riƙe taswirar wurin kowanne a RAM, karatu ɗaya ya wadatar.

Ga sauran jama'a akwai ma'ajiyar haya ta intanet irin S3 da Amazon ta buɗe a 2006, da Ceph da MinIO ga mai son kafa nasa. A S3 babu folda ta gaskiya, suna ne kawai da abin da ke ƙarƙashinsa, kuma babu inod da zai ƙare. Amma jerowa na zuwa ne dubu-dubu a kowace tambaya, kuma ana cajin kuɗi bisa yawan tambayoyi da kayan da aka fitar. Mai biyan dala daga aljihun naira ko sefa ya yi wannan lissafi tun kafin ya loda ƙananan fayiloli miliyan ashirin.

Ina kan hayar da ake raba sabar da wasu, an ce fili ba iyaka, amma an turo min gargaɗin yawan fayiloli.

Duba sharuɗɗan hayar, kusan kullum akwai iyakar inod a ciki, kuma cPanel kan nuna ta a gefen shafi. Idan WordPress kake amfani da shi, kowane hoto da ka loda yana haifar da wasu masu faɗin 150, 300, 768 da 1024, manya kuma har da 1536 da 2048, ban da waɗanda jigon shafin ke ƙarawa. Hoto 10,000 na iya zama fayil 70,000. Kashe girman da ba ka amfani da shi, share ma'ajiyar wucin-gadi, ka leƙa akwatin imel da foldar shara.

Akwai iyaka ga tsawon sunan fayil?

A ext4, XFS da Btrfs bayit 255 ne, ba harafi 255 ba. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ kowanne bayit biyu yake ci a tsarin rubutu na UTF-8, haka ma yawancin haruffan ajami, wasullansa kuma kowanne da nasa biyun. Windows na da tsohuwar iyakar harafi 260 ga dukkan hanyar fayil daga tushe, wadda tun 2016 ake iya ɗagewa a Windows 10, amma tsofaffin manhajoji da yawa har yanzu suna tuntuɓe a kanta. Ajiye sunan da mutum ya ba fayil ɗinsa a rumbun bayanai, a faifai kuma ka ba shi gajeren suna na lambobi.

Sabar tawa Windows ce. Akwai abin da ya keɓanta da ita?

Akwai. NTFS na iya ƙirƙira wa kowane dogon suna wani gajere irin na zamanin DOS, mai harafi takwas da uku. A foldar da sunaye suka yi kama da juna, neman gajeren sunan da ba a riga an ɗauka ba yana ƙara nauyi yayin da foldar ke girma. Microsoft da kanta ta ba da shawarar kashe wannan ga foldar da ta kai fayil 300,000, ana yi da `fsutil`. Kuma kada ka buɗe irin wannan folda da Explorer.

“Too many open files” shi ma alamar faifai ya cika ne?

A'a. Wannan iyakar fayilolin da shiri ɗaya zai riƙe a buɗe lokaci guda ce, galibi 1,024 a Linux, kuma kowace haɗuwa ta intanet ana ƙirga ta a ciki. Duba `ulimit -n`. A ɗaga ta idan aikin ne ya yi yawa, amma a fara tabbatar da cewa shirin na rufe abin da ya buɗe.

Zan kafa sabuwar sabar. Wanne zan zaɓa, kuma ta yaya zan san zai ɗauka?

Idan fayilolin ba za su wuce 'yan miliyoyi ba, ext4 da aka ware wa isassun inod ya isa, kuma kayan gyaransa sun fi na kowa yaɗuwa. Idan ba ka san inda adadin zai tsaya ba, ko shirye-shirye da yawa za su riƙa rubutu lokaci guda, ɗauki XFS, wanda Silicon Graphics ta ƙera a farkon shekarun 1990, Red Hat kuma ta mayar da shi zaɓinta na farko tun 2014. Ka sani dai faɗaɗa shi ake yi, ba a matse shi. ZFS na ba ka binciken lafiyar kowane gurbi da ɗaukar hoton faifai cikin ƙiftawar ido, amma yana son RAM mai yawa.

Kafin ka buɗe wa jama'a, rubuta ɗan shiri ya ƙirƙiri fayilolin bogi masu girman naka, adadin da kake hangen samu nan da shekara uku, a tsarin foldojin da ka zaɓa. Sake kunna sabar don RAM ta zama wayam. Sannan ka riƙe agogo ka auna abu huɗu: buɗe fayil ɗaya, bin su duka da `find`, kwafe su zuwa wata na'ura, da dawo da su daga can. Idan dawowar ta fi awannin da shafinka zai iya jurewa a rufe, sauya tsarin tun faifan ba komai a cikinsa, ka kuma sa abin da zai riƙa duba `df -i` ya turo maka saƙo idan ya kai kashi 80.